Shafin da Ke Mantuwa: Laifin Wa?

Ɗalibai da yawa sun san wannan takaici: mutum ya shiga shafin intanet da sunansa da kalmar sirrinsa, ya shafe rabin sa'a yana cike takardar rajista, da ya danna aikawa sai shafin ya mayar da shi farko, kamar bai taɓa ganinsa ba. Kuɗi sun tafi, wani lokaci har wa'adin rajista ya wuce. Nan take akan ɗora wa rashin sabis laifi. A nawa ra'ayin, wannan yanke hukunci ne kafin bincike, domin mantuwar shafi tana da dalilai sanannu, kuma ana gano su da irin hanyar da muke koyarwa a ɗakin gwaje-gwaje.

Da farko, ya kamata mai karatu ya sani cewa HTTP, wato ƙa'idar sadarwar da Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN tsakanin 1989 da 1991, ba ta riƙe komai. Duk buƙatar da ta iso wa uwar-garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, baƙuwa ce. A 1994 ne Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki domin magance haka. Misalinsa shi ne mai gadin babura a bakin kasuwa: ya ajiye babur ɗinka, ya ba ka kati mai lamba. Bayananka suna wurin uwar-garke, lambar kawai burauzarka take riƙewa, tana nuna ta a kowace buƙata.

Saboda haka, wurare uku ne aka fi samun ɓaraka. Na farko, katin. A harshen PHP, idan shafi ya riga ya aika ko da gurbi ɗaya na rubutu kafin ya buɗe zaman baƙo, kukin ba zai fita ba. Haka kuma, a 2020 burauzar Chrome ta tsaurara dokar aika kuki idan wani shafi daban, kamar na biyan kuɗi, shi ya turo bayanan. Na biyu, ma'ajiyar. Babban shafi yakan raba aiki tsakanin kwamfutoci da yawa. Idan ta farko ta ajiye bayananka a cikinta, buƙata ta gaba kuma ta faɗa wa ta biyu, to ka kai katinka ga mai gadin da bai san ka ba. Maganinsa ma'ajiya guda ta bai-ɗaya, irin su Redis. Na uku, lokaci. A tsarin PHP na asali, ana iya share zaman da ya yi daƙiƙa 1440, wato minti 24, ba motsi.

To, yaya za a bambance? Ɗalibin da ke gwada tsiron wake ba ya canza ruwa da haske a lokaci guda. Haka ma a nan. A duba lambar kukin kafin matsalar da bayanta. In ta sauya, a tuhumi katin. In tana nan amma bayanai sun ɓace jefi-jefi, a tuhumi ma'ajiya. In kullum sai bayan wani tsawon lokaci, a tuhumi wa'adi.

Wasu za su ce a tsawaita wa'adin kawai, kowa ya huta. Ban yarda ba. Wanda ya tashi daga kwamfutar haya bai rufe zamansa ba, ya bar wa na bayansa ƙofa a buɗe. Abin da ya dace shi ne shafi ya riƙa adana abin da aka cike, ya kuma yi gargaɗi kafin lokaci ya ƙare.

Daga ƙarshe, ina kira ga malaman kwamfuta da su ɓata ƙaramin shafi da gangan, su bar ɗalibai su nemo cutar da kansu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.