Ƙararrawar Kainji da Mutanen Bakin Ruwa

Ga bayani a kan madatsar Kainji. An soma gininta a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yawuri, aka tashi mutum wajen 44,000. Tun daga lokacin nan abincin Yawuri da Ngaski da Shanga ya rataya ga hawan tafkin da saukarsa.

A manyan ma'aikatu irin wannan, ma'auni ne ke gadin ruwa da injuna. Ma'aunin yakan aika labari ta waya zuwa ɗakin masu tsaro da ɗan ƙarfin lantarki, wanda ake ƙidaya shi da miliamfa: 4 shi ne mafi ƙarancin abin da ake aunawa, 20 shi ne cikarsa. Don me ba a fara daga sifiri ba? Domin in waya ta tsinke, ko ɓera ya ci ta, allura ta faɗi sifiri, nan da nan a gane ma'auni ne ya mutu, ba ruwa ne ya janye ba. Haka ƙararrawa, akan haɗa ta yadda wuta ce ke riƙe da bakinta kullum. Wutar na yankewa sai ta yi kuka. Watau masu wannan hikima ba su yarda shiru ya zama shaidar lafiya ba.

Malamai sun san irin wannan, gama ruwayar da isnadinta ya yanke ba a kafa hukunci da ita. To, isnadin ruwan Kwara dogo ne. Farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa kuwa daga ƙasar Gini yake tasowa, ya ratsa Yamai, ya iso da ɗari. Masu madatsa suna tsaka mai wuya: in sun buɗe ƙofofi, Jebba da ƙasar Nufe su sha ruwa, in sun riƙe, tafki ya hau gonakin albasa da shinkafa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2020 ba ya bukatar dogon bayani.

Wayar da ta fi saurin tsinkewa ita ce ta ƙarshe, wadda ke kai labari daga ɗakin awo zuwa kunnen manomi da Basarke da mai jirgi. Abin da ya kamata, hukumar HYPPADEC da hakimai da sarakunan ruwa su ɗauki ƙa'idar ma'aunin nan: kowace ranar kasuwa a Yelwa da Wara a yi shelar tsayin ruwa, ko ya ƙaru ko bai ƙaru ba. Ran da ba a ji shela ba, kowa ya san waya ta tsinke, falke ya janye buhunansa daga gaɓa, a aika a tambaya. Allah ya tsare. Wassalam.