Ɗan Karen Turai da Karen Gidanmu

A lokacin hutun babbar Salla wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Abuja ya zo mana Ƙaura Namoda da iyalinsa, da kuma wata 'yar halitta a cikin kwando wadda yaran unguwa suka yi ta gardama a kanta, wasu su ce kyanwa ce, wasu su ce ɗan biri ne aka yi wa kitso. Sai da ta buɗe baki ta yi haushi sa'an nan aka tabbata kare ne. Wannan abu shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa na lura sha'awar ajiye irin waɗannan 'yan karnuka ta fara shiga zukatan 'yan bokonmu, kuma ya kamata a tattauna ta tun ba ta zama ado ba.

Sunan wannan iri Yorkshire Terrier, watau an laƙaba masa sunan wani yanki na arewacin Ingila inda ya samo asali a tsakiyar ƙarni na 19. Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa talakawa ne suka fara kiwonsa, ma'aikatan masaƙu da na ramukan kwal, domin ya kashe musu ɓeraye. Wani kare mai suna Huddersfield Ben, wanda aka haifa a 1865, shi ake ɗauka a matsayin kakan irin. Daga baya matan masu hali suka ƙyalla ido suka gan shi, aka yi ta zaɓen ƙanana ana haɗawa har ya koma abin da muke gani yau, wanda nauyinsa ba ya wuce kilo 3 da 'yan kai. Kazar gida mai ƙiba ba ta fi shi sauƙin ɗauka da yawa ba.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Kwana goma da ya yi a gidanmu na ga dabba mai kaifin hankali da son ubangidanta, ga ƙarfin zuciya da ya fi jikinsa, har ragon layya ya tasam ma da haushi. Kunnensa kuwa ba ya barci. Ba ya zubar da gashi kamar sauran karnuka, cinsa kaɗan ne, kuma in ya sami kulawa yakan kai shekara 12 zuwa 15.

Amma wahalarsa ta fi wannan yawa, a ƙasarmu dai. Gashin nan mai sheƙi da ake sayensa dominsa ba ya daina tsiro, kamar gashin mutum yake, sai an taje shi kullum, in ba haka ba ya dunƙule. To, a saki wannan dabba a bayan gari a Zurmi da kaka, lokacin da ƙarangiya ta nuna, a ga abin da zai dawo da shi. Mu dai rana ɗaya ya kuɓuce zuwa garka, matar ɗan'uwana ta kwashe yammacin nan tana tsince masa ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, yana kuka tana lallashi. Kaska kuma ta sami mafaka a ƙarƙashin gashin, ga ta da cutar da take sa wa kare a jini. Zafin bazara, wanda kan wuce awo 40 a wajenmu, yana galabaitar da shi, sanyin hunturu da asuba kuma ya sa shi makyarkyata. Har ila yau likitocin dabbobi sun san irin da raunin maƙogwaro, da gocewar ƙashin gwiwa, da ruɓewar haƙora, ƙananansu kuma sukarin jininsu kan faɗi in sun daɗe ba su ci ba. Yaro ɗan shekara uku in ya faɗa masa cikin wasa yana iya karya shi. A gidan Bahaushe kuwa, inda yara goma ke guje-guje a tsakar gida, wa zai tsaya gadin mai gadi?

Sai kuma maganar addini, wadda ba a iya tsallake ta. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi sauran sassauci a kan kare, domin a wurinta jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuma bin umarni ne kawai. Duk da haka hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ladansa na raguwa kullum. Malamanmu sukan kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, wanda ya rasu a 996, cewa da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro sai ya ajiye kare, aka ce masa ai Imam Malik ya ƙi haka, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Abin lura a nan shi ne bukata ce ta halatta masa. Ɗan karen da ake kwantarwa a kan kujerar falo, a ɗaure masa ƙyalle a ka, ban ga bukatar da ya toshe ba. Ɓeran da aka ƙirƙire shi dominsa ma, kyanwa ta riga shi karɓar aikin a rumbunanmu tun kaka da kakanni, kuma ita ba ta neman mataji.

Amsar nan ta Ibn Abi Zaid ta fi dacewa da mu fiye da yadda muke so. Wanda ya san abin da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka gani a hannun 'yan bindiga a shekarun da suka biyo bayan 2011, da yadda sunayen dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu suka zama abin firgita, ya san darajar haushin kare da tsakar dare. Wanda ke yin wannan haushi kuwa shi ne karen nan namu ja, siriri, mai gajeren gashi, wanda ke kwana a bakin zaure ya ci ƙanzon tuwo da ƙashi. Shi ke bin mafarauta daji da rani, shi ke bin Bafillace da garke, zafi bai dame shi ba, ƙarangiya ba ta kama shi. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji Hausawa, ni kuwa na ƙara da cewa karen ƙasa shi ya san daren ƙasa.

Me muke saka masa da shi? Jifa da dutse, da zagi. Sunansa ma shi ne ashar ɗinmu. Ba mu kai shi wurin likita, ba mu yi masa allura, alhali ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar cizon kare. Da zarar alamun ciwon sun bayyana ga mutum, da wuya a tashi. Allurar riga-kafin ba daga nesa take ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ta daɗe tana yin ta. Mu da muka ji hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai kamata a koya mana wannan ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, wanda ke zaune a birni, yana da ɗaki mai sanyi da likita kusa da lokacin tajewa, kuma ya daidaita tsakaninsa da malaminsa, wannan ruwansa, ba ni da ta cewa. Amma ɗalibi ɗan'uwana da ke shirin ɗauko irin wannan ya kai Ƙaura ko Shinkafi don a ce ya waye, ina roƙonsa ya dubi kuɗin da zai kashe wajen saye da sabulu da abincin gwangwani, ya lissafa karnuka nawa na unguwarsu za a yi wa allura da su.

Ɗan'uwana ya koma Abuja da kwandonsa ran da hutu ya ƙare, ɗan karen an rage masa gashi har rabi saboda ƙarangiya. Da muka dawo daga rakiya na tarar da karen maƙwabcinmu kwance a bakin zaurenmu inda ya saba, kunnensa ɗaya duk ƙudaje, na tambayi mai shi ko an taɓa yi masa allura, ya dube ni ya yi dariya.