Matakalar katako: Shin tsagar injin CNC na hana zamewa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa.

Matakala na cikin wuraren da ake yawan faɗuwa. Shi ya sa a Turai da Amurka, inda matakalar katako ta zama ruwan dare, kafintoci ke amfani da injin CNC wajen tsaga layuka a bakin kowane mataki.

Yadda injin ke aiki

Kafinta na zana layukan a kwamfuta, sai injin ya bi zanen da bakin ƙarfe mai kaifi da ke iya juyawa sau 18,000 a minti ɗaya. Galibi layi biyu ko uku ake yi, masu zurfin 'yan milimita.

Alfanunsa shi ne daidaito: mataki na farko da na ƙarshe duk iri ɗaya suke fitowa, abin da ke da wuya a aikin hannu.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai tsaga kaɗai ba ta kawar da santsi. Tafin takalmi a saman katakon yake sauka, ba cikin ramin ba. Idan an shafe saman da fenti mai sheƙi, santsin na nan daram.

A waje kuwa, ramukan kan tara ruwa da ƙura da gansakuka, har su ƙara haɗarin. Idan kuma tsagar ta yi zurfi ko ta matso baki sosai, katakon na iya ɓantarewa.

Don haka ƙwararru ke cike ramukan da roba, ko gam mai ƙarfi da aka gauraya da ƙwayoyi masu kaushi irin na samfefa. Su ne ke riƙe ƙafa. Idan launinsu ya bambanta da na katakon, mai raunin gani zai gane inda mataki ya ƙare.

A Burtaniya ba a dogara da ganin ido. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar, HSE, na amfani da wata na'ura mai lilo da ke goga roba a ƙasa. Sai sakamako ya kai 36 ake cewa haɗarin zamewa kaɗan ne.

A Najeriya, yawancin benaye da siminti da tayil ake yi musu matakala, amma darasin ɗaya ne: kafin mai gida ya biya kuɗin ado, ya tambayi me zai riƙe ƙafar tsohuwarsa ranar da ruwa ya zube.