MU ƘARU DA SANI: Ina agogo ke samun ƙarhin tahiya?



Ran kasuwar Madawa, wani ɗalibinmu na ajin yaƙi da jahilci ya kawo mini agogon hannu da ya gada wurin babanshi. Ya ce: "Malam, batir ɗinshi ya mutu." Na ce mishi wanga agogo ba ya cin batir. Na murza ɗan kan da ke gehe, sai agogo ya tashi, tak-tak-tak. To, daga ina ƙarhin ya hito?

Cikin agogon akwai wani siririn ƙarhe, tsawonshi ya ɗara taƙi guda. An naɗe shi kamar gammo cikin wani ɗan gwangwani. In kana murza kan agogo, naɗin nan kake matsewa. Shi ko ƙarhen so shike shi warware. Ashe ƙarhin yatsunka na agogo ya aje. Ku dubi baka: in maharbi ya ja tsarkiya, ƙarhin hannunshi shina cikin itacen baka har sa'ad da ya saki.

Amma baka shina sakin ƙarhinshi gaba ɗaya. Agogo kuwa da awo shike saki. Naɗin shina tura waɗansu ƴan ƙahwahu masu haƙora, su kuma su juya hannuwan agogo. Akwai wani ɗan maƙali da ke tare su. Shi kama, shi saki, haƙori ɗai-ɗai. Cikin tsohhin agogo da yawa, sau 5 shike yin haka kowane sakan. Shi na tak-tak da kuke ji. Mutanen Keita sun san misalin: madatsar Ibohaman tana tara ruwan damina, a riƙa buɗe ƙohwa kaɗan-kaɗan, ruwa shi kai gonaki.

Murzawa guda tana kai agogo awa 36 ko 40. Mutanen Turai sun hi shekara 500 suna ƙera agogo mai naɗi. Cikin 1969 kamfanin Seiko na Japan ya hiddo agogon hannu mai batir. Yau kuma salula na nuna lokaci. Amma mai naɗi ba ya neman batir, ba ya neman caji. Makiyayi na iya yin wata uku cikin daji da shi.

In kana da irinshi, riƙe waɗanga:

1. Murza shi kullum lokaci guda, misali bayan sallar asuba.
2. In ka ji ya yi tauri, tsaya. Tilas ita ke lalata shi.
3. Kada ka buɗe bayanshi. Ƙurar hunturu tana tsai da shi.
4. Kada ka zuba mishi man gujiya ko kananzir. Kai shi wurin mai gyara.

Saura gargaɗi. Tarkon ƙarhe da ake ɗana wa dila ko gahiya, shi ma ƙarhi ya aje. Ko ya yi kwana goma ga ƙasa, ƙarhin shina nan. Bai san ƙahwar dila da ta yaro ko ta akuya ba. Wanda ya ɗana tarko shi gaya wa maƙwabta wurin, shi kwance shi da sahe kahin a saki bisashe.

Wanda ya karanta, shi karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.