A biya yaran shago awoyin dare

A kasuwannin Ƙonni da Gaya da Ɗan Isa muna ganin mota ta iso bayan isha'i, yaran shago su yi ta sauke kaya har tsakar dare. Ƙarshen wata sai maigida ya ce ai albashi ya haɗa komai. To, ba haka doka ta ce ba. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako, abin da ya haura kuɗinsa daban ne, har da ƙari. Alhazai, muna roƙonku ku buɗe littafi, a rubuta awoyin, kowa ya sa hannu. Wannan ya fi a wuni gaban sufeton aiki ranar kasuwa. Haƙƙin ɗan Adam ba ya bin iska.