Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gidajen Rediyo Na Kano

Ranku ya daɗe,

Na rubuto ne kan shirye-shiryen siyasa da kuke sayar wa sojojin baka.

Kowane dare, a teburin mai shayin unguwarmu, ana kewaye rediyo ana sauraro. Mutum ya biya kuɗin fili, ya kama sunan wani ya ce ɓarawo ne, babu takarda, babu shaida, mai gabatarwa kuma bai ce masa "ina hujjarka?" ba. Kafin gari ya waye maganar ta shiga Facebook, da safe kuma 'ya'yan wanda aka zaga sun ji ta a makaranta.

Ban nemi a rufe bakin kowa ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora muku bin diddigin gwamnati. Talaka ba shi da wata majalisa sai ku. Shi ya sa abin yake mini ciwo, domin duk ƙazafin da kuka bari ya wuce, hujja kuke miƙa wa masu son hana ku magana gaba ɗaya.

Roƙona shi ne, duk wanda aka zarga ku ba shi damar mayar da martani kyauta, a shirin da aka zarge shi. Ku riƙa sanar da mu in fili na kuɗi ne. In kun yi kuskure, ku gyara da bakinku. Sannan ku biya wakilanku albashi a kan kari, don kada su dogara da na goron 'yan siyasa.

Don Allah ku fara kafin kakar zaɓe ta kankama.

Wassalam,
Naku,
Mai sauraro daga Kano