A Kawo wa Jariri Lambun Har Gida

Duk wanda yake leƙa Instagram ko sitatus ɗin WhatsApp na 'yan ajinsu ya ga sabon yayin da ya shigo gari. Jariri ɗan kwana biyar ko bakwai, an kwantar da shi cikin kwando, an ɗora masa ɗan kambun fure a ka, ciyawa shar a ƙarƙashinsa, ganyaye a bayansa. Da yawa daga cikin masu ɗaukar hotunan nan 'yan makarantarmu ne, da kuɗin suke biyan haya da rajista da fotokwafi. Sana'a ce ta halal, Allah ya ƙara kasuwa. Magana ɗaya nake so mu tsayar tun yayin bai fi ƙarfinmu ba: jaririn da bai yi arba'in ba, kada a fita da shi lambu don hoto. In lambu ake so, a kawo masa lambun har tsakar gida.

Mu fara da asalin abin. Wadda ta fi kowa yaɗa irin wannan hoto ita ce Anne Geddes, 'yar ƙasar Ostireliya, wadda littafinta na hotuna mai suna Down in the Garden ya fito a 1996, cike da jarirai a tukwanen fure da cikin ganyen kabeji. Abin da masu kwaikwayo ba su lura da shi ba shi ne, yawancin lambun nata a situdiyo aka haɗa shi, inda ita ke iko da haske da ɗumin ɗaki, ga manya tsaye kusa da yaro. Mu kuma muka ga hoton, muka ɗauko jariri muka nufi ciyawar gaske.

To, jariri sabon haihuwa bai iya riƙe ɗumin jikinsa kamar ni da kai ba. Fatarsa siririya ce, kansa babba ne a kan jikinsa, zafi na fita daga gare shi da sauri. Ma'aikatan lafiya suna so zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma suna cewa kada a bar yaron da bai kai wata shida ba a cikin rana kai tsaye. A kwana bakwai sau da yawa cibiya ba ta ma gama warkewa ba. Rigakafin da ya samu bai wuce na ranar haihuwa ba, wato BCG da ɗigon shan inna da na ciwon hanta. Zagaye na gaba sai ya yi sati shida. Kwana 28 na farko su ne mafi haɗari a rayuwar yaro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya, cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa wuce watan farko. Ban ce hoto ne ya kashe su ba. Na dai ce wannan ba lokacin gwaji ba ne.

Sannan a Kaduna wane lokaci ne ma ya dace a shimfiɗe jariri a fili? Disamba da Janairu hunturu ne, sanyin safiya da ƙurar da ke sa babba ma tari. Maris da Afrilu rana ce mai dafa ƙwai. Damina ta sauka, ciyawa ta yi kyawun hoto, lokacin ne kuma sauro ya fi yawa, ga cinnaka da tururuwa a ƙarƙashin ciyawar. Furannin da ake saye a bakin titi ba ka san abin da aka fesa musu ba. Wasu tsirran da ke da kyau a ido, irin su tumfafiya da bini-da-zugu, ruwansu da 'ya'yansu guba ne. Wurin shaƙatawa na Gamji da ke bakin kogi yana da kyau ga hoton ango da amarya, ko yaron da ya fara tafiya. Ɗan kwana bakwai ba shi da abin yi a can.

Kakanninmu sun riga mu gano wannan ba tare da ma'aunin zafi ba. Mai jego tana gida tana wankanta da ganyen darbejiya, tana shan kunun kanwa, 'yan barka ne ke zuwa wurinta. Ranar suna liman da wanzami har gida suke zuwa. Sai an yi arba'in take ɗaukar yaro ta shiga dangi. Akwai abubuwan jego da likitoci ke jan kunne a kansu, kamar ruwan da ya cika zafi da kanwa mai yawa, kuma suna da gaskiya. Amma zaman jariri a gida na makonnin farko, a nan kaka da likita bakinsu ɗaya. Idan wanzami da kayan aikinsa ya iya zuwa gida, mai kyamara ma zai iya.

Na san abin da wani zai ce: "Kai malam, ka san gidajen Unguwar Mu'azu kuwa? Tsakar gida siminti, ga igiyar shanya, ga jarkokin ruwa, ga babur ɗin mai gida. Ina lambu a nan?" Ai kyamara ba ta ganin gida duka. Jariri bai fi tsawon kamu ɗaya da 'yan kai ba, abin da zai shiga hoton bai fi faɗin tabarma ba. Ka nemi inuwar baranda ko bakin ƙofar ɗaki da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe amma rana ba ta taɓa yaro. Ka shimfiɗa tabarma a ƙasa, ka ɗora katifar jaririn, ka rufe da zanen uwarsa wankakke. A baya, nesa da inda hannunsa zai kai, ka jera tukwanen shuka biyu ko uku, ko rassan zogale da na gwaiba da ka wanke ka tsoma a kwalba. Ka buɗe idon kyamara sosai, bayan ya dushe ya zama kore mai laushi, ba mai cewa ba a lambu aka ɗauka ba. Ƙanwar mai jego ta riƙe farin zane a ɗaya gefen ya mayar da haske fuskar yaro. Idan kana son ɗan gado ko ɗan shinge na katako, masu sana'a a Panteka, nan kusa da mu, za su haɗa maka, ka dai ce su goge shi sumul, ba ƙusa ba tsini.

Kuma don Allah mu duba kayanmu na gida. Faifai, lefe, ƙwarya mai zane, saƙi, gwado, tabarmar kaba, duk suna nan a Kasuwar Bacci da babbar kasuwar Sheikh Gumi. Hoton da aka yi da ciyawar roba da furen leda, iri ɗaya ne daga nan har Legas har Dubai. Wanda aka yi a kan zanen kakar yaro, da hannun uwarsa mai lalle a gefen kansa, wannan na gidansu ne kaɗai. Shekara ashirin nan gaba shi za a ɗauko a nuna masa.

Sai batun kwanciya. Hoton nan da ake ganin jariri ya yi tagumi da hannu biyu kamar mai tunanin kuɗin makaranta, ba hoto ɗaya ba ne. Ƙwararru biyu suke ɗauka, a ɗaya babba na riƙe da kan yaron, a ɗayan yana riƙe da hannayensa, sai a haɗa a kwamfuta a goge hannun babban. Haka na wanda aka rataye a reshe cikin ƙyalle. Wuyan jariri ba ya ɗaukar kansa sai ya yi watanni, kuma in haɓarsa ta danne ƙirjinsa numfashi na iya yi masa wuya. Wanda bai san wannan ba ya kwaikwaya kai tsaye, garin neman gira sai a rasa ido. Ka bar yaro ya kwanta rigingine, da kayansa a jiki, uwarsa na zaune inda hannunta zai kai gare shi. Ka wanke hannu kafin ka taɓa shi. Kana mura, ka ɗage aikin. Ya yi kuka, ka ajiye kyamara a ba shi nono.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun mu. Kwastoma ta turo hoton da ta gani ta ce irinsa take so, in ka ƙi wani zai karɓa. Gaskiya ne, wata rana za ka rasa aiki. Amma yawancin iyaye ba su san yadda aka yi hoton ba, kuma ba uwar da za a yi wa bayani ta zaɓi hoto a kan ɗanta. Ka ce, "Anti, wannan a ɗaki aka haɗa shi. Ki bari in zo gida in yi miki wanda ya fi shi, in ya fara zama kuma sai mu je lambun gaske." Ka sami aiki biyu ke nan maimakon ɗaya. Kafin ka ɗora hoton a shafinka don talla kuma, ka nemi izinin uba da uwa. Gidaje da yawa ba sa son a baza fuskar jariri saboda baki, kuma haƙƙinsu ne.

Mu da za mu fita bana mun san takardar difloma kaɗai ba ta ciyar da mutum, da yawanmu kyamarar nan ce za ta riƙe mu. A unguwa irin tamu, mata ne ke tallata mai hoto a gidan suna da gidan biki. Idan aka san ka da cewa kana zuwa da tukwanen shukarka, ka wanke hannu, ka gama cikin rabin awa yaro na barci, lambarka za ta zaga gidajen masu jego tun daga Unguwar Mu'azu har Tudun Wada.